Maganin Sanyi Da Maganin Riƙe Fitsari: Kada Kunya Ta Sa Ki Haɗa Su A Ɓoye

Batunmu na wannan mako ya samo asali ne daga saƙon wata 'yar'uwa da ta rubuto mana daga wani ƙauye a yankin Kuyello, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari.

Mahaifiyarta ta daɗe tana fama da matsalar fitsari. Da ya matso ta ba ta iya riƙewa, cikin dare sai ta tashi sau huɗu ko biyar, alwala kuma ba ta zama. Suka kai ta wani asibiti a Kaduna, likita ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum, ta kuwa samu sauƙi. Bayan an koma gida sai ƙaiƙayin gaba da farin ruwa suka taso mata. Ta ji nauyin faɗa wa kowa, ta aiki jikarta kemis aka karɓo maganin sanyi na sha, na mako guda. Kwana huɗu da farawa bakinta ya bushe ƙamas, bayan gida ya ɗauke, ganinta ya dushe, ta fara sambatu. Mutanen gida suka ce iska ce. Sai da mara ta kumbura fitsari ya ƙi fita sannan aka garzaya da ita asibiti, aka sa mata roba. Allah ya sa ta warware. Tambayar 'yar'uwar ita ce, wane ne na jabu a cikin magungunan biyu?

'Yar'uwa, mai yiwuwa babu na jabu a cikinsu. Haɗuwarsu ce ta kawo matsalar.

Hanta kamar injin niƙa take a jikinmu. Yawancin magungunan da muke sha, ita ke niƙe su don jiki ya fitar da su. Magungunan riƙe fitsari irin su Solifenacin, Tolterodine da Oxybutynin duk suna bi ta wannan injin. Wasu magungunan sanyi na sha kuma rage masa gudu suke yi. Ketoconazole da Itraconazole su suka fi ƙarfi wajen haka, Fluconazole na biye da su. Kin san idan inji ya tsaya, buhuna taruwa suke a bakin ƙofa. Haka maganin fitsarin ke taruwa a jini, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko fiye. Shi ya sa kamfanin da ke yin Solifenacin ya rubuta a takardarsa cewa mai shan Ketoconazole kada ta wuce miligiram 5 a rana.

Ga alamomin da za ki lura da su: bushewar baki da maƙogwaro, taurin bayan gida, gani dishi-dishi, jiri, barci mai nauyi, da ruɗewa musamman ga tsofaffi. Fitsarin da ake neman ragewa yana iya tsayawa cak. Waɗannan magunguna suna rage zufa, don haka a zafin Maris da Afrilu mace tana gona ko gaban murhu jikinta na iya ɗaukar zafi har ta faɗi. Akwai kuma batun zuciya. Fluconazole da Ketoconazole a ɓangare guda, Solifenacin da Tolterodine a ɗaya ɓangaren, kowanne na iya taɓa tsarin bugun zuciya, haɗa su kuwa yana ƙara haɗarin, balle ga mai ciwon zuciya. Idan aka ɗora Piriton a kai saboda ƙaiƙayi, bushewar da ruɗewar ƙaruwa suke yi.

Ketoconazole na sha yana da nasa laifin ko shi kaɗai ne. A shekarar 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a daina ba da shi don cututtukan sanyi saboda yana lalata hanta, Amurka ma ta taƙaita amfani da shi a wannan shekarar. Amma na shafawa da na wanke kai ba su shiga cikin wannan hukunci ba.

Me ya sa na ce abin ya fi shafar irin yankinmu? Shekaru da dama 'yan bindiga daga dazukan Kamuku da Kuyambana sun mayar da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari abin tsoro. Matan Randagi, Dogon Dawa, Kakangi da Damari suka saba da cewa ganin likita sai ta kama dole, kemis shi ne asibitin kusa. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024 an samu sauƙin zirga-zirga, amma sabon bai gushe ba. Likitan birni ya rubuta nasa, mai kemis ya ba da nasa, babu wanda ya san da na ɗan'uwansa. Ke kaɗai ce kika san duka biyun. Ga shi kuma duka cututtukan irin waɗanda mace ke jin kunyar faɗa ne, balle idan mai kemis ɗin ɗan unguwa ne.

To mene ne abin yi? Ki tara kwalayen duk magungunan da kike sha a leda ɗaya, ko ki ɗauki hotonsu da wayarki, ki nuna wa duk wanda zai ba ki wani sabo. Kada ki aiki yaro sayen maganin sanyi. Idan kina kan maganin fitsari, ki tambaya ko na matsi ko na shafawa irin su Clotrimazole zai wadatar, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Fluconazole ƙwaya ɗaya mai miligiram 150 haɗarinta bai kai na shan kullum ba, amma tana daɗewa a jiki, sai bayan kimanin awa 30 rabinta ke fita, don haka a yi kwanaki ana lura. Mai ciki kada ta sha sai da izinin likita.

Idan fitsari ya tsaya, ko zuciya na bugawa da sauri ba bisa ƙa'ida ba, ko an suma, ko ido ya yi rawaya, ko tsohuwa ta fara magana ba kan gado, a dakatar da magungunan biyu a nufi babban asibitin Birnin Gwari ko wanda ya fi kusa, a tafi da kwalayen.

Abu na ƙarshe, yawan fitsari tare da sanyin da ke ta dawowa na iya zama alamar ciwon suga. Gwajin ɗigon jini ne a ɗan yatsa, minti kaɗan an gama. Wadda kuma fitsari ke zubo mata ba tsayawa tun bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki ake yi masa, ƙwaya ba ta warkar da shi.

Yau ɗin nan ki duba ledar maganin mahaifiyarki ko surukarki, ki karanta sunayen da ke jikin kwalayen. Mai tambaya ta ajiye mana a ƙasa, ba sai ta sa sunanta ba. Allah ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.