Kaskon Suya da Ma'auni

Labari ya daɗe da iso mana cewa a ƙasar Indunusiya talakawa sun mai da kaskon suya eriya. Sukan kafa 'yar na'urar WiFi a gaban kaskon, su ɗaga shi bisa dogon ƙarfe, sai ga intanet ɗin da da ƙyar yake ƙetare katanga ya kai wata unguwa. A Jalalabad ta Afganistan kuwa, cikin 2009, katako da ragar waya aka yi amfani da su.

Kada wani ya zaci kaskon yana ƙara ƙarfi. Tattara shi kawai yake yi wuri guda, yadda madubin tocila ke tattara haske. Abin da aka samu a gaba, an rasa shi a baya.

Amma fa aikin duka awo ne. Tsawon zangon igiyar WiFi da aka fi sani santimita 12 da rabi ne. Wanda zai yi tasa eriyar da gwangwani, lalle wayar tagullar da zai soka ciki ta zama rubu'in wannan, watau santimita 3 da ɗoriya, faɗin bakin gwangwanin kuma 8 zuwa 10. Ƙaramin gwangwanin tumatir ba zai yi ba ko kusa.

Saboda haka muna jawo hankalin malaman makaranta. Masu ƙera aci-balbal suna nan a kasuwa, hannunsu ya faɗa; lissafin ne ba su da shi, shi kuwa yana wurinku. In an ƙera da rani, a sake jarrabawa da damina, gama ɗanyen ganye yana raunana igiyar ƙwarai.