Hannun da ke riƙe alli shi ne ke riƙe ƙahon moto

Ƴan'uwa malamai da iyayen yara, yau maganar tawa a kan ƙaramin abu take: robar nan da ke kan ƙahon moto, inda hannu ke kamawa. Na san wani zai ce, duk matsalolin da lakwal ke ciki, ga azuzuwan zana, ga ƙarancin littattafai, ga albashin ƴan kwantaragi da ke makara, sai robar moto mutumin nan ya gani? Ku yi haƙuri ku ji ni. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Malamin firamare ba shi da kayan aikin da ya wuce muryarsa da hannunsa. Yaron ajin CI hannun mushe ko na madam yake kallo ya koyi inda harafi ke farawa da inda yake lanƙwasa. A makarantar horon malamai an sa mu mun yi ta maimaita rubutun allo har ya miƙe. Abin da ba a lissafa ba shi ne, hannun nan zai yi kilomita 20 ko 30 bisa gargada kafin ƙarfe 8 na safe. Malamai da yawa suna kwana a Tasawa, Mirya, Madawa ko Magarya, suna koyarwa a ƙauyukan kewaye. Wasu yashin Mayahi da Dakwaro suke ratsawa, wasu duwatsun Adar wajen Kaita da Buza. Mutum ya sauka yatsu suna minjirya, alli yana zame masa, sai ya yarfe hannu sau biyu ya ce gajiya ce. Ra'ayina shi ne mu daina kiran abin nan gajiya, mu ɗauki robar hannun moto a matsayin kayan aiki, mu zaɓe ta da natsuwa.

Jijjigar da ke shiga hannu daga wuri biyu take fitowa. Ta farko daga inji. Motocin da muka fi hawa, irin su Kasea, Haojue da Boxer, silinda ɗaya gare su, ƙarfinsu 100 zuwa 150. In ka buɗe wuta bisa kwalta injin yana iya juyawa sau 6000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa guda, kuma wannan ƴar karkarwa mai sauri tana bin ƙarfe har tafin hannunka. Ta biyu daga hanya take, duka ce ta ramuka da ƙunya-ƙunyar jar ƙasa. Roba mai kyau tana rage ta farko. Ta biyu kuwa aikin taya ne da shokozoba, roba kaɗan take iya yi a kanta. Duk mai sayarwar da ya ce maka robarsa za ta shanye ramukan hanya, ciniki yake nema.

A hannu akwai manyan jijiyoyin ji guda biyu da abin ya fi shafa. Ɗaya tana bi ta wata ƴar matsattsiyar kafa a tsakiyar wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe. Ɗayar tana bi ta gefen tafin hannu, tana kai ji ga ƙaramin yatsa da sauran rabin na zobe. In ka lanƙwasa wuyan hannu ka damƙe ƙaho da ƙarfi, ta farko ke matsuwa. In ka jingina nauyinka kan gindin tafi, ta biyu ke shan wahala. Saboda haka yatsun da ke sagewa suna gaya maka inda matsalar take. Abin lura ga malami: yatsu ukun da ke riƙe alli da biro duk na jijiyar farko ne.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1862 wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya yi bayanin yatsun da ke yin fari fat su mutu in sanyi ya taɓa su, saboda ƙananan jijiyoyin jini sun tsuke. A 1911 Giovanni Loriga a Italiya ya ga irin wannan a hannun ma'aikata masu aiki da guduma mai amfani da iska. A 1918 likita Alice Hamilton ta fitar da rahoto kan masu sassaƙar dutse a Bedford, jihar Indiyana ta Amurka, inda ta nuna cewa jijjiga, damƙa mai ƙarfi da sanyi su ne suka haɗu suka kashe musu yatsu. A 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka kan jijjigar da ke shiga hannun ma'aikaci cikin awa 8: in ta kai 2,5 bisa ma'auninsu dole mai wurin aiki ya ɗauki mataki, 5 kuma ita ce iyakar da ba a ƙetarewa. Moto ba gudumar fasa dutse ba ce, kuma malamin da ke tafiyar awa ɗaya bai kai mai fasa dutse haɗari ba. Amma darasin ɗaya ne: illar tana taruwa ne daga ƙarfin jijjiga da yawan lokacin da aka yi cikinta. Kuma abubuwa ukun nan na Hamilton duk suna nan tare da malamin da ya tashi da asuba a watan Janairu, hunturu na busawa, hannu ba safa, ya damƙe ƙaho cikin yashi.

To yaya muke sayen roba? Yawancinmu da ido. A kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, abin da ke ƙyalli shi ke fara tafiya: mai ruwan zinariya, mai ƙarfen alminiyom, mai geza tana lilo. Ƙarfe ba ya shan jijjiga, miƙa ta yake yi gaba ɗaya. A zafin Afrilu da Mayu in moto ta yini a rana ba ya taɓuwa, in hannu ya yi gumi kuma santsi yake. Ita ma roba mai tauri kamar ƙashi haka take. Duk robar da ke santsi tana tilasta maka ƙara damƙa, ƙarin damƙa kuwa shi ke buɗe wa jijjiga ƙofa.

Ga abin da ya kamata a duba. Na farko laushi. Danna ta da babban yatsa: ta lotsa kaɗan, ta dawo nan take. Wadda ba ta lotsawa ta yi tauri. Wadda ta lotsa har ka ji ƙarfe ta yi laushi da yawa, ba za ta yi wata nawa ba. Irin ta soso tana da daɗi ranar farko, amma tana shan ruwa da ƙura, ranarmu kuma tana ruɓar da ita da wuri.

Na biyu kauri, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutane suna zaton mafi kauri ita ce mafi daɗi. Kama ta ka gani: in babban yatsa da na tsakiya sun haɗu ba tare da ƙoƙari ba, daidai take da hannunka. In ta yi kauri, yatsu ba sa rufewa, hannu ya gaji, kaiwa ga birki ya yi wuya. Malamai mata, waɗanda yanzu suka yi yawa bisa moto a Yamai, Tawa da sauran garuruwa, su kula da wannan sosai, don yawancin robobin da ake kawowa da hannun namiji aka auna su. In kuwa ta yi siriri, mai babban hannu zai yi ta dunƙule yatsu har su ƙage.

Na uku zane. Ƙananan zane masu laushi suna riƙe hannu ko da gumi. Manyan ƙuraje masu tsini suna nutsewa cikin tafi su danne jijiya.

Na huɗu awo. Ƙahon ƙananan motoci kaurinsa milimita 22 ne. Robar dama ta fi ta hagu faɗin rami, wajen milimita 24 zuwa 25, domin bisa bututun totur take hawa. In an ba ka biyu masu rami iri ɗaya, to ba na moto ba ne ko an haɗa maka ba daidai ba. A duba tsawo kuma, kada bakin robar ya goga da akwatin makunni.

Sakawa ma tana da ƙa'ida. Kada a yarda yaron gareji ya shafa man inji ko giris don ta shige da sauƙi. Za ta shige, amma wata rana za ta juya a hannunka ko ta zare, kuma ba ta zaɓar lokaci. A goge ƙarfen ya bushe, a sa gam na roba ko ɗan ruwan sabulu, a bar ta ta kwana kafin a hau. Bayan an gama, murɗa totur ka saki: dole ya koma da kansa nan take, ko ƙaho yana miƙe ko an karya shi dama ko hagu. In ya tsaya, kada ka bar garejin. Motar da aka ƙera da ƴan ƙarafa masu nauyi a bakin ƙaho, a bar su a wurinsu. Samari suna cire su don ado, alhali don rage karkarwa aka sa su. Masu naɗa robar cikin taya bisa tsohuwar roba kuma, dabarar tana fidda mutum na kwana biyu, amma tana ƙara kauri, a ɓangaren totur kuma tana iya warwarewa ta maƙale.

Wani makanike zai ce roba ba ta gyara moto mai ciwo, kuma gaskiyarsa. In notin da ke riƙe inji ya kwance, in sarƙa ta bushe ko ta yi tsauri, in boris ya ci, in ƙafar gaba ta karkace, ko an cika wa taya iska har ta zama dutse don a ɗauki buhu, to ko robar da ta fi kowace tsada ba za ta hana hannu sagewa ba. Jijjigar da ta ƙaru kwatsam saƙo ce daga moto, a kai ta a duba. Sauran kuma halin mahayi ne. A sassauta damƙa, a riƙe tanki da gwiwoyi, a bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. A sa makanike ya juya hannun birki da na kuloci ƙasa kaɗan yadda wuyan hannu zai miƙe in an kai yatsu. A canza giya da wuri maimakon barin inji yana kururuwa. A sa safar hannu lokacin sanyi. A doguwar tafiya a tsaya duk bayan awa guda a motsa yatsu. Ban da safar, ba wanda ke cin ko dala.

Akwai inda maganar ta wuce gareji. Minjiryar da ke wucewa cikin ƴan mintoci bayan an sauka gargaɗi ce. Wadda ke kwana, wadda ke tada mutum daga barci, yatsun da ke yin fari in an taɓa ruwan sanyi, ko hannun da ya fara kasa ɓalla maɓalli, waɗannan na likita ne, a je asibiti. Ciwon sukari ma yana kawo sagewar hannu da ƙafa, haka ciwon ƙashin wuya, kada a ɗora wa moto laifin da ba nata ba. In kuma hannu ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira gobe.

Iyaye, ku ma da ku nake. Ƴan kabu-kabun da ke kwasar yaranku uku-uku zuwa lakwal sun fi kowane malami daɗewa bisa moto, daga safe har dare. Hannun dama shi ke riƙe totur, shi ke kama birkin gaba. Hannun da ya sage yana makara, kuma makarar daƙiƙa ɗaya a mararraba ta isa. In kuna da wanda ke ɗaukar muku yara kullum, ku dubi motarsa kamar yadda kuke duban halinsa. Robar da ta tsage ko take juyawa, ku ce ya canza, ko ku cika masa kuɗin. Wanda ya saya wa ɗansa moto don zuwa lise ko don neman na kansa, ya raka shi wurin mai kayan gyara, kada a bar ƙyalli ya yi zaɓin.

Ban manta da masu cewa maganin gaskiya shi ne a gyara hanyoyi, a gina wa malamai gidaje kusa da lakwal, a biya albashi kan lokaci ba. Ina tare da su, kuma za mu ci gaba da faɗa. Sai dai hanyar jar ƙasa ba za ta zama kwalta kafin hutun ƙarshen shekara ba, hannu kuwa gobe da safe zai sake bin ta. Roba mai kyau ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Shi ya sa nake roƙon shugabannin makarantu su ba wannan magana minti goma a taron CAPED mai zuwa, ƴan COGES kuma su tada ta a taron iyaye. A fita tsakar lakwal inda motoci ke jere ƙarƙashin bedi, kowa ya kama ƙahon tasa, a danna roba, a murɗa totur a saki. Wanda tasa ta mutu ya canza ta ranar kasuwa mai zuwa, tun yatsunsa suna jin alli.