WASA KO RUFA-IDO? MAGANAR DODON DA KE GIRMA TARE DA MAI WASA

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasu daga cikinku da sun ga kan wannan magana za su taɓe baki su ce, yanzu duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan a rasa abin da za a ɓata takarda a kansa sai wasan yara? To, mai wannan tunani ya daure ya kama hanyar Gwarzo, ya wuce Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya isa Getso bayan sallar isha'i, ya tsaya gaban teburin mai cajin waya. Zai tarar da samari sun yi da'ira, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya ya haske masa fuska. Kuɗin da suka sayi data da shi, da na cajin, wani ƙodago ya yi a gonar wani ya samo, wani kuma kabu-kabu ya wuni yana yi. Abin da ke cin gumin saurayi da darensa ya wuce a kira shi wasan yara, ya cancanci a zauna a bincike shi.

Wasannin da nake magana a kansu su ne waɗanda ake ce wa na tsira da rai. Wato a jefa ka cikin daji ko tsibiri ko kufai, ba ka da komai sai hannuwanka, ka nemi abinci, ka yi makami, ka kafa bukka, ka kare kanka daga namun daji da dodanni da 'yan fashi. Kowane mai ƙirƙirar irin wannan wasa yana cin karo da matsala guda ɗaya. Mai wasa yana farawa ne da sanda, amma bayan kwana biyu ya mallaki takobi da sulke da ganuwa. To, yaya za a yi da abokan gaba don kada wasan ya zama lami? Hanya biyu ce. Ko dai a ɗaura ƙarfin abokin gaba a kan wuri da lokaci, ko kuwa a ɗaura shi a kan mai wasan kansa, ya zama duk taku ɗaya da ka yi gaba, dodon ma ya yi taku ɗaya. Wannan ta biyun ita ce nake cewa ha'inci ce, kuma zan faɗi dalili.

Mu ɗauki Oblivion, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2006. Ba wasan tsira ba ne tsantsa, amma a cikinsa ne cutar ta fi fitowa fili. An tsara shi ta yadda in ka hau mataki, duk ƙasar sai ta hau tare da kai. Ɗan fashin da ya tare ka a hanya ranar farko sanye da tsumma, in ka dawo bayan ka ƙasaita sai ka same shi cikin sulken da ya fi duk abin da zai ƙwata a hannun matafiyi tsada, kuma har yanzu tsabar zinari 100 yake nema! Haba jama'a, wanda ya mallaki wannan sulke me ya kai shi tare hanya? Daɗin daɗawa, a wasan ba a hawa mataki sai an kwanta barci. Da masu wayo suka gano haka sai suka daina barci, suka zauna a ƙaramin mataki, suka ci wasan cikin sauƙi. Ka ji inda ƙin ci gaba ya zama dabara.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne RimWorld, na Tynan Sylvester, wanda ya kammala fitowa a 2018, domin wasa ne mai kyau da aka sa wa wannan tabo. A nan ƙauye kake kafawa, ka yi noma, ka yi kiwo, ka tara kaya. Amma yawan maharan da za su afka maka ana lissafa shi ne da yawan dukiyar ƙauyen da yawan mutanensa. Ka cika rumbu, mahara su ƙaru. Ka shimfiɗa daɓe mai kyau a ɗaki, mahara su ƙaru. Saboda haka gwanayen wasan suka koyi ƙone rarar kayansu ko kyautar da su, su zauna cikin talauci da gangan don a bar su su sha iska.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ya san sunan wannan tsari, ko da bai taɓa riƙe waya ba. Jangali ke nan. A zamanin En'e, kuɗin da Bafillace zai biya bisa yawan shanunsa ne, don haka da lokacin ƙirga ya ƙarato sai a raba garke, a kora wasu cikin daji, wasu a tsallaka da su wata gunduma. Makiyayi ya koyi cewa arzikin da aka gani shi ne bala'i. Da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, talakawa murna suka yi. Yau ga jikokinsu suna sayen data da kuɗinsu don a ɗora musu jangalin dodanni a waya. (Gaskiya ɗaya, daga baya masu RimWorld sun ƙara zaɓin da zai raba ƙarfin mahara da dukiya, sai dai mutum ne zai shiga ya nemo shi da kansa.)

Na san abin da masu kare wannan tsari za su ce, domin mun sha yin musu da su a ɗakin kwana. Za su ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana. In dodo bai ƙaru ba, wasa zai gundure ka. Za su kuma ce ai haka duniya take, kura nama take bi, kuma ɓarayin dajin da suka addabi maƙwabtanmu na Katsina da Zamfara ma gwargwadon abin hannun mutum suke yanka masa kuɗin fansa. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, ba wanda ke son wasan da ba gumi. Amma karen bana wani kare ne daban da aka haifa bana, aka horar da shi. Ba karen bara ba ne aka hura shi kamar balan-balan don an ga zomo ya yi ƙiba. Abin da yawancin wasannin nan ke yi ke nan: dodo ɗaya ne, kamarsa ɗaya, dabararsa ɗaya, sai dai jiya sara uku ke kashe shi, yau sai goma. Hannunka ne kawai zai ƙara gajiya. Game da ɓarawo kuwa, ɓarawon gaske sai ya sami mai tsegunta masa, sai ya yi tafiya, sai ya auna katanga. Ana iya ɓoye masa, ana iya toshe masa hanya, kuma dukiyar da ta jawo shi ita ce ke gina katangar da za ta hana shi. Maharin wasa kuwa daga cikin littafin ajiyarka aka haife shi, ba ya bukatar ɗan leƙen asiri.

Yanzu mu dubi ɗaya hanyar, wadda manomin Getso zai gane ta ba tare da an yi masa bayani ba. Wahalar shekara a wurinsa tana da kalanda. Ya san bazara za ta zo da zafinta, ya san tsakiyar damina, wajen watan Agusta, ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa alhali sabon gero bai nuna ba, ya san sanyin hunturu na tafe. Yunwar Agusta ba ta leƙa rumbunsa ta ce, tunda bana ka tara dami ɗari bari in ninka kaina. Ƙarfinta ɗaya ne a kan kowa, shi ya sa tanadi yake da amfani, shi ya sa wanda ya yi noma da kyau yake barci da minshari. Ko farin 1973 da na 1984 ba su zaɓi gonar mai ƙoƙari suka fi tsananta mata ba. Haka maharbi. Ya san bakin gari na zomo ne da kurciya, in ya nutsa cikin daji ya san abin da ya fi zomo yana can. Shi zai auna kibiyarsa da zuciyarsa ya yanke inda zai tsaya.

Akwai wasannin da suka bi wannan tafarki, kuma su ne hujjata cewa ana iya yi. A Valheim, wanda wani ƙaramin kamfani na Suwidin mai suna Iron Gate ya fitar a 2021, ƙasar ce aka rarraba: fili mai ciyawa inda ake farawa, sai baƙin daji, sai fadama mai dafi, sai duwatsu masu sanyin kisa da kyarkeci, sai wani fili inda sauro kaɗai ya isa ya aika sabon shiga lahira. (Mutumin da ya kwana a bakin fadama da damina ba zai yi mamakin wannan ba.) In ka tsallaka inda ba ka isa ba, ka ga abin da ya fi ƙarfinka, laifinka ne. In kuma ka ƙasaita ka komo filin farko, abin da ya kore ka jiya yau sara ɗaya ne, kuma wannan daɗin shi ne ladan wahalarka. A Don't Starve na kamfanin Klei na Kanada, 2013, lokaci ne ke mulki: sanyi yana shigowa a rana ta 21 ko ka shirya ko ba ka shirya ba, karnukan daji suna zuwa jefi-jefi, suna ƙaruwa da yawan kwanaki, kuma kafin su iso sai ka ji gurnaninsu daga nesa. Ko Minecraft da ƙannenmu ke yi, kwana guda a cikinsa minti 20 ne, dodanni kuma a duhu suke fitowa. Ka kunna fitila ka kore su. Dokar a fili take. Shi kuwa 7 Days to Die ya raba ƙafa: kowane dare na bakwai gawarwaki masu tafiya za su yi maka dirar mikiya, wannan kalanda ce mai kyau, amma ƙarfin rundunar ana haɗa shi ne da matakin da ka kai, sai ga mai saurin ci gaba yana shan dukan da ya fi na malalaci.

Akwai kuma wani nau'in ha'incin da ya fi wannan laushi, wato na tausayi. Resident Evil 4 na kamfanin Capcom na Japan, 2005, yana lura da kai a ɓoye. In kana yawan mutuwa sai ya sassauta abokan gaba, in kana cin nasara sai ya tsananta su, bai kuwa gaya maka ba. Turawa da yawa suna yaba wannan, suna cewa gwaninta ce. Ni kuwa ina tambaya, wane ɗan dambe ne zai yarda a ce abokin karawarsa an raɗa masa a kunne ya sassauta hannu? In Shago ya kai mutum ƙasa, kisan yana da daraja ne domin kowa a fage ya san ba a yi wa kowa alfarma ba. Ko a tseren yara, in babba zai ba ƙarami rata, a gaban kowa yake ja layi ya ce tsaya nan. Rata a fili karamci ce, amma wadda aka ba ka ba ka sani ba raini ce. Su ma samarin da ke buga PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, ya kamata su san cewa a wasanninsu na farko da yawa daga cikin mutum 100 da aka zuba a tsibirin ba mutane ba ne, butum-butumi ne da kwamfuta ke juyawa, an sa su ne su mutu a hannun baƙo don ya ji shi gwani ne ya dawo gobe.

Kada a ce duk ƙaruwar wahala nake ƙi. Space Invaders na 1978 yana ƙara sauri yayin da kake rage maharan nan 55, asalin abin kuwa na'urar ce ke samun sauƙin zana kaɗan fiye da zana da yawa, Tomohiro Nishikado ya ga abin ya yi kyau ya bar shi. Amma wannan kowa yana ganinsa da idonsa, yana jin kiɗan yana ƙara sauri, kuma haka yake ga gwani da ɗan koyo.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne kuɗi. Wasan da zai iya auna ka a ɓoye ya sassauta, zai iya auna ka a ɓoye ya matse, daidai lokacin da zai miƙo maka tallan makamin sayarwa. A 2016 kamfanin Electronic Arts ya nemi takardar mallakar wata fasaha ta daidaita wahalar wasa da halin mai wasa don a daɗe ana yi, aka ba shi a 2018. A 2020 wasu suka kai shi kotu a Kalifoniya suna zargin yana amfani da ita a wasan ƙwallon FIFA. Kamfanin ya musanta, masu ƙarar kuma suka janye a 2021 bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyinsa. Ban ce an kama kowa da laifi ba. Abin da na ce shi ne fasahar tana nan a rubuce, kuma saurayin da ke tsugune gaban mai caji a Getso ba shi da lauyan da zai buɗe masa cikin wasa ya duba.

Saura ku 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta, waɗanda kullum kuke cika mana baki cewa za ku ƙirƙiro wasa da Hausa. In Allah ya nufa kun tashi yi, ba sai kun aro dodon Bethesda ba. Ku ba mai wasa gona ɗaya da jaki da rumbu a yammacin Kano, ku sa ruwan fari ya yaudare shi ya yi shuka ta ƙone, ku sa wuta-wuta ta fi kama gonar da aka daɗe ba a kai mata taki ba, jan-baki ya sauka lokacin da gero ya yi ido, gara da ƙwari su bi hatsin da ba a adana da kyau ba. Ku rubuta masa dokar kowanne a fili tun ranar farko, sa'an nan in ya cika rumbunsa a kaka, ku bar shi ya ci tuwonsa har Agusta ta wuce.