Kafin Ka Saka Tauraron Teku a Tanki

Makon jiya wata uwa ta shigo kantin maganinmu a Wuse tana neman “maganin kifi”. Ashe tauraron teku ne maigidanta ya sayo wa yara, kwana uku kacal jikinsa ya fara zagwanyewa.

Mai karatu, wannan halitta ba ta da jini irin namu, ruwan teku ne ke zagaya jikinta. Shi ya sa sauyin gishiri farat ɗaya ke kashe ta. Kada ka juye ta a tanki kai tsaye. Bar ta cikin ruwan da ta zo da shi, kana ɗiga mata na tankin kaɗan-kaɗan har awa biyu.

Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa don kifin teku, kimanin giram 35 a kowace lita. Maganin kifi mai jan ƙarfe kuwa guba ne gare ta, don haka duba jikin kwalba. Ga kuma ɗaukewar wuta: ba inbata, kada ma ka fara.

Yara su wanke hannu da sabulu bayan taɓa ruwan, mai ciwo a yatsa kada ya tsoma.

Na matar nan dai bai kai Juma'a ba.