Shari'ar P&ID: Shirun da ya kusa cinye dala biliyan 11 da kuɗin lauyoyin da ake bi

Hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Oktoban 2025 ya warware wata tambaya da ta rage a shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID: da wane kuɗi za a biya Najeriya abin da ta kashe wa lauyoyinta, fam ko naira? Kotun ta ce fam. Kuɗin da ake magana a kai ya haura fam miliyan 40.

Asalin rigimar kwangilar sarrafa iskar gas ce da aka ƙulla a 2010, wadda aka shirya aiwatarwa a Kalaba amma ba a aza ko tubali ɗaya ba. A 2017 kwamitin sasanci ya umarci Najeriya ta biya kamfanin dala biliyan 6.6 da ruwan kashi 7 cikin ɗari, har bashin ya kai kimanin dala biliyan 11. A ranar 23 ga Oktoban 2023 Mai shari'a Robin Knowles na Kotun Kasuwanci ta Landan ya gano cewa an samu hukuncin ne ta hanyar zamba, ciki har da cin hanci da riƙe takardun sirrin lauyoyin Najeriya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yadda Najeriya ta kusa faɗuwa a kan shirun da ta yi. A dokar kasuwanci akwai ƙa'idar da lauyoyi ke kira estofel: wanda ya sa wani ya gaskata wani abu, ta furuci ko aiki ko kame baki, har wancan ya dogara da shi, ba shi da damar juyawa daga baya ya ƙaryata. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya tanadi hakan, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa magana zarar bunu ce. Dokar Sasanci ta Ingila ta 1996 tana da makamanciyarta a sashe na 73: wanda ya ci gaba da zaman sasanci bai yi ƙorafi ba, ya rasa damar yin sa, sai in ya nuna bai san abin ba kuma bincike na hankali ba zai bayyana masa ba. Nan P&ID ya kafe, yana cewa Najeriya ta yi shekaru ba ta ambaci cin hanci ba. Alƙalin ya yarda cewa ƙasar ba ta da hanyar gano abin da aka ɓoye mata a lokacin. Da ƙyar aka sha, domin hukuncin bai ɓoye sakacin da aka yi wajen kare ƙasar a gaban kwamitin ba.

Batun kuɗin shari'a kuwa ya bi al'adar kotunan Ingila, inda wanda ya faɗi ke ɗaukar nauyin wanda ya yi nasara. A Disambar 2023 aka umarci P&ID ya fara biyan fam miliyan 20. Kamfanin ya nemi a lissafa da naira, bisa hujjar cewa naira Najeriya ta canza ta biya lauyoyi, kuma tun da darajarta ta faɗi daga 2023, biya da fam zai zama riba. Kotun Ƙoli ta ƙi, tana mai cewa da fam lauyoyin suka rubuta kuɗinsu, da fam kuma aka biya su.

Samun umarni daban, karɓar kuɗi daban. P&ID kamfani ne da aka yi wa rajista a Tsibiran Birjin na Birtaniya, ba a san shi da wata kadara ta a zo a gani ba, abin da ya sa Najeriya ta nemi kotu ta ɗora nauyin a kan kamfanin zuba jari na VR Capital, wanda ya sayi hannun jari a cikinsa.