KAFIN KA TAƁA ƘAFAR MOTARKA, TSAYA KA KARANTA WANNAN

Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da maganar ƙafar mota? To aljihuna ne ya haɗa mu, domin aiki ɗaya sau biyu na biya kuɗinsa, kuma ba na so kai ma ka biya.

Bara na sayi Corolla ƙirar 2006, ta hannu. Ita nake hawa kullum zuwa shago a Farm Centre, ita ke kai Hajiyarmu asibiti, ita ke kai mu ƙauye in ana biki. Sai na riƙa ganin motoci a TikTok an saukar da su ƙasa kamar za su lashi kwalta, abin ya shiga raina. Wani abokina ya kai ni gareji, aka yanke mini sifirin, aka sa manyan wili da siraran tayoyi. Wallahi ta yi kyau a hoto. Amma ranar farko da Hajiya ta shiga, ko unguwa ba mu bari ba ta ce, "Kai, wannan mota ce ko amalanke?" Bayan sati uku, da damina, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji ya fashe. Allah ya taimake ni na ga jar fitila na kashe motar nan take, da inji zan saya.

Tun daga nan na zauna na yi ta karatu da tambayar masu aikin ƙafa. Ra'ayina yanzu shi ne: in dai motar kullum ce, babu wani ƙari da ya fi ka sa mata sabbin kaya masu kyau, daidai tsayin da kamfani ya yi ta.

Bari ka ji dalili. Mutane da yawa sun ɗauka shakazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. A'a, sifirin ne ke ɗauka. Aikin shakazoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan ka taka rami, don taya ta zauna a kan titi. Akwai mai a cikinta da ke bi ta ƙananan ƙofofi, shi ke rage wa tsallen ƙarfi. Wadda ake cewa mai gas, ita ma da man a ciki, iskar naitirojin ce aka ƙara don kada man ya yi kumfa in ya ɗau zafi. To kamfani ya auna sifirin da shakazoba tare ne, ya bar musu tazarar da za su motsa. In ka yanke sifirin ka cinye tazarar nan, duk ramin da ka taka sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Kuma tayar da ke tsalle ba ta kama birki yadda ya kamata. Ka ga ashe maganar ta wuce ta jin daɗin zama, ta kai ga rai.

Akwai kuma wadda ake kira koyiloba, mai zare a jiki da za ka ɗaga ko ka sauke mota yadda kake so. Ba na cewa kayan banza ne. Mai kyau tana aiki, amma an yi ta ne don mai son gudu a titi mai santsi, kuma tana da tsada. Masu arahar da ake tallatawa a intanet kuwa, tauri kawai za ka saya. Kai da kullum sai ka tsallake bam goma kafin ka fita daga layinku, me za ka yi da ita?

Yanzu babbar gardamar: sabuwa ko 'yar Beljiyam? Masu cewa Beljiyam suna da hujja, kuma na yarda da rabinta. Jabu ya cika kasuwa, kwali mai kyau da suna mai kyau, amma wata biyu ta fara yoyo. A sana'armu ma haka ne, sau da yawa sikirin ɗin da aka ciro daga wata waya ya fi sabon kwafi. Amma ga inda muka rabu. Sikirin, ina jona shi zan ga lafiyarsa. Shakazoba kuwa irin batir ce, a hankali take mutuwa, kuma ba a gani da ido. Za ka yarda in sa maka batirin da aka ciro daga wayar da ban san shekara nawa ta yi a hannun wani ba? Kamfanoni irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a fara tunanin canji daga mil 50,000, wato wajen kilomita 80,000. Wadda ka ɗauko a Ƙofar Ruwa ko Panteka an wanke ta tana ƙyalli, wa ya gaya maka nawa ta ci? In kuɗinka bai kai sabuwa ta gaske ba, to Beljiyam mai lafiya ta fi sabuwar jabu, wannan gaskiya ne. Amma ka sani lokaci ka saya, ka fara tara kuɗin ta gaske.

In za ka sayi sabuwa, ka nemi wadda aka yi don maye gurbin ta kamfani, kamar KYB Excel-G ko Bilstein B4, ko ta Sachs in motarka ta Turai ce. In kana yawan ɗaukar kaya ko doguwar tafiya, akwai masu ɗan ƙarfi irin Bilstein B6 ko KYB Gas-a-Just, in ana yin su wa irin motarka, ba sa rage tsayi amma za ka ji motar ta ɗan yi tauri. Kuma ka yi amfani da wayar da ke hannunka. Ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita za ka tabbatar da shekara da ƙirar motarka, sannan ka shiga shafin kamfanin ka ciro lambar kayan, ka gwada da wadda ke jikin ƙarfen, ba ta kwali kaɗai ba. Corolla ta Amurka da ta Turai ba lallai kayansu su zo ɗaya ba. In ka ji farashi ya yi ƙasa sosai da na kowa, ka tuna araha ba ta ado.

Masu ɗaga mota da roba ko ƙarfe a saman sifirin fa? Na fi fahimtarsu a kan masu saukewa, saboda hanyoyinmu. In kaɗan ne ba laifi. Amma in ya yi yawa mota za ta riƙa kwanciya a kwana, shaf kuma zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yi saurin yagewa. Kuma sau da yawa motar da ake ganin ta yi ƙasa, sifirin ne ya gaji. Canza shi, tsayinta zai dawo.

Kafin ma ka sayi komai, ka tabbatar me ya lalace. Ba duk ƙara ba ce shakazoba. Ƙaramin linkej, ko bushin, ko boljoyin, ko robar saman shakazoba, duk suna yin ƙwas ƙwas a kan gargada, kuma kuɗinsu bai kai ba. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, in ta ci gaba da lilo to akwai matsala. Leƙa ka ga ko mai na gangarowa a jikinta. Shafa taya ka ji ko ta ci tudu da kwari. Lura ko gaban motar na dukawa sosai in ka taka birki.

In aikin ya zo, abu huɗu kada ka yarda a tsallake:

1. A canza biyu biyu, na gaba tare ko na baya tare. Kada a sa sabuwa a dama a bar tsohuwa a hagu.
2. A matse sifirin da abin matse shi na gaskiya. Sifirin da ya kuɓuce yana iya karya mutum.
3. Kusoshin bushin, a ƙarasa ɗaure su bayan nauyin mota ya zauna a kan ƙafarta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage da wuri.
4. A yi alaimen bayan an taɓa ƙafar gaba, kuma a sa iskar taya daidai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Ni dai na mayar da tawa yadda take, na sayar da manyan wilin da asara, na koma inci 15. Ba wanda ke juyowa ya kalle ta a titi yanzu, amma ranar Juma'ar da ta wuce Hajiya har barci ta yi a baya muna hanyar ƙauye. In kana da abokin da ke shirin yanke sifirin, tura masa wannan kafin ya je gareji. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.