Wasan Taubasai: Makarantar Da Muka Rufe Da Hannunmu

Duk lokacin da aka zauna zancen tarbiyyar Bahaushe, kunya da ladabi da haƙuri ake fara ambata, ba kasafai ake tunawa da raha ba. Ko Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da ya jera halaye goma na mutumin kirki a ɗan littafinsa na 1974, bai sa barkwanci a cikinsu ba. Ni kuwa a nawa ganin, da yawa daga cikin waɗannan halaye a fagen wasa muka koye su, kuma tun da muka yi watsi da wasan, haƙurin ma ya soma yi mana ƙaranci.

Mai karatu, idan ka tashi a babban gida irin wanda na tashi a cikinsa, ka san tun yaro bai iya ɗaura wando ba ake nuna masa wanda zai tsokana da wanda zai sunkuyar wa kai. Kakanka abokin wasanka ne, kana iya ce masa ya tsufa, ya sakar maka matarsa. Mahaifinka kuwa ko ido ba ka haɗawa da shi. Matar wanka kishiyar hira ce, amma surukarka in ka hango ta sai ka sake hanya. Ɗan wan mahaifinka ɗan'uwanka ne, ɗan gwaggonka ko ɗan kawunka kuwa taubashinka ne. Yaron da ya riƙe wannan tsari ya riga ya san cewa kowace magana da muhallinta.

Ina tunawa da watan cika-ciki, lokacin da ake biyan kuɗin shara tsakanin taubasai. A ranar sai a cire maka hula, a laƙaba maka suna saboda faɗin kunnenka ko yawan cin tuwonka, gida ya kwashe da dariya. In ka kai ƙara ɗaki, iyaye mata su ma dariyar za su yi, su ce, "Ai taubashinka ne, koma ka rama da baki." Dokar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: wanda ya fusata shi ne ya faɗi. Shi ma mai tsokanar yana da iyaka, domin ba ya taɓa iyaye, ba ya dariyar nakasa, kuma ranar da aka yi maka rashi shi ne farkon mai zama kusa da kai. Ke nan horo biyu ake yi a lokaci guda: ɗaya yana koyon haɗiye fushi, ɗayan yana koyon kame harshe.

Magabatanmu ba su tsayar da wannan hikima a cikin gida kaɗai ba, sun shimfiɗa ta tsakanin al'ummomi. Akwai wasa tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari. Waɗannan na ƙarshe sun gwabza yaƙi na gaske, har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, amma yau jikokinsu in sun haɗu a kasuwa kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, su yi dariya, su ci abinci a kwano ɗaya. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun san darajar abin, har hukumar UNESCO ta sa wasan danginsu cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Mu kuwa 'yan boko me muka yi da namu? Mun tare a gidaje masu doguwar katanga, 'ya'yanmu suna ganin danginsu daga sallah sai sallah. Turancin da suke ji kalma ɗaya ya tanadar wa ɗan baffa da ɗan gwaggo da ɗan kawu, saboda haka taubashi ya ɓace musu tun daga suna. Sakamakon kuwa a bayyane yake. Ga matashi mai digiri biyu, amma abokin aiki ba ya iya yi masa gyara a ofis sai an yi mako ana gaba. Ga wani can a Facebook ko TikTok yana yi wa sa'an mahaifinsa izgili, yana kiran abin barkwanci. Na farko bai koyi ɗaukar wasa ba, na biyu bai koyi iyakarsa ba, kuma makaranta ɗaya ce duk suka rasa.

Wani zai ce ai wasa bai taɓa kashe wutar rikici ba, ya kafa hujja da Fulani da Tibi, waɗanda abokan wasan juna ne tun da daɗewa, amma hakan bai hana zubar da jini a Binuwai a farkon 2018 ba. Wannan gaskiya ne. Rikicin gona da burtali adalcin hukuma ne maganinsa, dariya ba ta raba fili. Sai dai wasan yana barin wata ƙofa a buɗe, wadda dattawa ke bi su faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci ba tare da an zare wuƙa ba. Idan tsarar da ta san wannan ƙofa ta ƙare, ta ina sulhun zai shigo?

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi ko kwamiti. Mu riƙa kai yara wajen kakanninsu su kwana biyu, mu kuma ƙyale tsofaffin su tsokane su. Mu faɗa musu waɗanda suke taubasansu da sunayensu. Idan yaro ya dawo yana kuka an yi masa dariya, kada mu ɗauki waya mu nemi ba'asi. Mu tambaye shi me ya mayar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai koyi jure dariyar taubashi yana ɗan shekara bakwai ba, da wuya ya jure sukar talakawa ranar da ya hau kujerar mulki.

Allah Ya ba mu zuciya mai faɗi da harshe mai linzami, amin.